Tambayoyi da Amsoshi kan Amfibolait: Yadda Ake Gano Asalin Tsofaffin Baƙaƙen Duwatsun da Suka Rikiɗe

Waɗannan tambayoyi su ne ɗaliban ilimin duwatsu da masu neman ma'adinai suka fi yi game da baƙaƙen duwatsun da ake samu a tsakanin shist (dutse mai tsagewa falle-falle) da nais (dutse mai ratsin fari da baƙi) a arewa maso yammacin Najeriya da maƙwabtanta.

Wane irin dutse ake magana a kai?

Dutse ne da ya fara rayuwarsa a narke, ya daskare, daga baya zafi da matsi suka sauya masa kama ba tare da ya sake narkewa ba. Tun asali silikarsa ba ta da yawa, tsakanin kashi 45 zuwa 52 cikin 100, amma yana da ƙarfe da magnesiyam da kalsiyam da yawa, shi ya sa yake da duhu da nauyi. Idan narkakken dutsen ya malalo a doron ƙasa ko a ƙarƙashin teku ya huce da sauri, basalt ke nan. Idan ya kutsa cikin tsaga ya daskare kamar katanga, dolerait. Idan kuwa ya huce a hankali can cikin ƙasa har ƙwayoyinsa suka yi girma, gabro. Sinadaransu kusan ɗaya ne, girman ƙwaya ne ya raba su.

Kamar da zai koma bayan rikiɗa ta danganta da zafi da zurfi. Daga digiri 300 zuwa kimanin 450 a ma'aunin Selsiyas yakan zama koren shist, mai kulorait da aktinolait da efidot da albait. Daga wajen 500 zuwa 700 sai ya zama amfibolait, wanda honbilend da filajiyokiles suka mamaye, wani lokaci da jajayen ƙwayoyin ganet. Idan zafi ya haura 750 zuwa 800, ruwan da ke cikin honbilend ya fita, sai fairoksin ya dawo, a samu giranyulait. Inda matsi ya yi yawa amma zafi bai kai ba, ana samun shuɗin shist, kuma a zurfin da ya wuce kilomita 45 filajiyokiles yakan ɓace gaba ɗaya, dutsen ya zama ekulojait mai ganet da koren fairoksin.

Ta yaya zan gane amfibolait a daji?

Ɗauke shi tukuna. Guntun amfibolait mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana kai giram 2.9 zuwa 3.1, na giranit kuwa wajen 2.65, kuma hannu yana jin bambancin. Fasa shi da guduma ka duba sabuwar fuskar: baƙi ne mai ratsin kore, da fararen ɗigo-ɗigo na filajiyokiles, kuma alluran honbilend sukan jeru suna fuskantar gefe guda. Da ƙaramin gilashin ƙara girma za ka ga tsagun honbilend suna haɗuwa a kusurwar digiri 56 da 124, na fairoksin kuwa kusan 90. Ƙasar da ke kansa ja ce jawur mai yumɓu, saɓanin ƙasa mai yashi da ke kan giranit, don haka ko da dutsen bai fito fili ba launin gona kan nuna inda yake kwance.

Kada a haɗa shi da basalt ɗin tsaunukan Jos da na Biu. Waɗancan yara ne ƙanana, shekarunsu miliyoyi kaɗan ne, ba su rikiɗe ba, har ramukan kumfar iska ana gani a jikinsu.

A ina ake samunsa a yankinmu?

A rabin Najeriya na yamma akwai dogayen zirin shist da suka miƙe kusan daga arewa zuwa kudu: na Anka da Maru da Wonaka a Zamfara, na Zuru a Kebbi, na Birnin Gwari da Kushaka da Zungeru a tsakanin Kaduna da Neja, na Ƙaraukarau da Kazaure, sai na Ilesha da Egbe-Isanlu da Iseyin da Igarra a kudu. Mafi yawan abin da ke cikinsu laka ce da yashi da suka rikiɗe, amfibolait kuwa yana zuwa ne a matsayin shimfiɗu ko dunƙule a tsakaninsu. A Ilesha ne ya fi yawa. Kewaye da zirin akwai tsohon nais, wanda wani sashensa a Kaduna ya ba da shekara wajen biliyan 3.5, sannan giranit na zamanin haɗuwar nahiyoyi da ake kira Fan-Afirka, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ya huda su duka. Dutsen Kwatarkwashi da na Kufena irin wannan giranit ne.

A Nijar, yankin Liftako da ke yamma da kogin Kwara yana ɗauke da koren duwatsun Birimiya masu shekara biliyan 2.2 zuwa 2.1, irin waɗanda suka ratsa Burkina Faso har zuwa Obuasi a Gana.

Tunda dutsen ya rikiɗe, me ya rage da zai nuna asalinsa?

Rikiɗa tana sauya ma'adinan dutse, amma ba kowane sinadari take kwashewa ba. Ruwan zafi da ke ratsa dutse yana ɗaukar waɗanda ke narkewa cikin sauƙi: fotasiyam, sodiyam, rubidiyam, bariyam, sitironshiyam, siziyam, sau da yawa har da kalsiyam da silika. Waɗanda ke zama daram su ne titaniyam, zikoniyam, hafniyam, niyobiyam, tantalam, itiriyam, toriyam, kuromiyam, banadiyam, da jerin sinadaran da ba su da yawa daga lantanam zuwa lutishiyam. A kan wannan rukuni na biyu ake gina duk wani bayani.

Daga nan kuskuren farko yake fitowa. Mutum zai zuba sakamakon amfibolait a kan zanen silika da jimillar sodiyam da fotasiyam, wanda aka tsara don sabbin duwatsun aman wuta, ya ce nasa basalt ne mai yawan alkali. Alhali sodiyam ɗin ruwan teku ne ya ƙara masa, ko fotasiyam ɗin daga giranit na kusa ya shigo. Madadinsa shi ne zanen Winchester da Floyd na 1977, mai amfani da rabon zikoniyam da oksaid ɗin titaniyam (Zr/TiO2) da rabon niyobiyam da itiriyam (Nb/Y). Idan Nb/Y ya haura kimanin 0.7, dutsen na dangin alkali ne, idan yana ƙasa da haka ba shi ba ne.

Yaya ake tabbatar da cewa sinadari bai motsa ba a samfurina?

Ba a ɗauka kawai, gwadawa ake yi. A zana kowane sinadari a kan zikoniyam. Idan samfuran daga narkakken dutse guda suka fito, niyobiyam da itiriyam da titaniyam da samariyam za su bi layi tare da shi. Wanda ya watsu ba tsari, ya motsa, a ajiye shi gefe. Sannan a duba nauyin da garin dutsen ya rasa bayan an ƙona shi a digiri 1,000 na kimanin awa ɗaya. Amfibolait mai kyau yakan rasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Idan ya wuce 4 ko 5, akwai kulorait ko kabonet ko yumɓu da yawa, a yi hattara da shi. Siriyam ma yana tona asiri: idan rabonsa da abin da maƙwabtansa lantanam da furasiyodimiyam suka nuna ya fita daga 0.9 zuwa 1.1, ruwa mai iskar oksijin ya taɓa dutsen, galibi ta hanyar ruɓewar da damina ke jawowa.

Toriyam da lantanam sukan motsa a wurare biyu: inda ruwa mai kabonet ya ratsa yankin da dutse ya goge da dutse, da inda zafi ya kai har amfibolait ya fara zufar narkewa. Idan ka ga fararen jijiyoyi masu kwaz da filajiyokiles sun fito daga jikin dutsen da kansa, wani abu ya riga ya fita daga cikinsa.

Ana cewa ba kowane amfibolait ne ya fito daga narkakken dutse ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Laka mai haɗe da farar ƙasa da dolomait, idan ta rikiɗe, takan ba da honbilend da filajiyokiles iri ɗaya. Bernard Leake ya nuna a 1964 cewa ana raba su ta yadda samfura ke jeruwa: na narkakken dutse suna bin tafarkin da daskarewar ƙwayoyi ke haifarwa, kuromiyam da nikel suna sauka tare da magnesiyam, na laka kuwa suna jeruwa tsakanin yumɓu da kabonet. Kuromiyam mai kai kashi 200 ko 300 cikin miliyan tare da titaniyam mai yawa alama ce mai ƙarfi ta narkakken dutse. A daji kuma, siraran shimfiɗu masu musanya da mabul suna nuni ga laka, yayin da dutsen da ya yanke shimfiɗun da ke kewaye da shi, ko ya riƙe siffar matasan kai irin ta aman wutar ƙarƙashin ruwa, ba ya buƙatar gardama.

Yaya ake ɗaukar samfuri da shirya shi?

Da yawa daga cikin munanan sakamakon da ake gani a wannan mataki aka lalata su, tun kafin su isa na'ura.

A ƙasarmu ruɓewar dutse tana yin zurfi, marmara da jar ƙasa sukan kai mita goma ko ashirin. Don haka a nemi gindin rafi lokacin rani, ko wurin fasa dutse, ko yankan hanya, ko abin da injin haƙa ya fito da shi. Guduma mai kilo 4 zuwa 5 ake buƙata, ƙaramar gudumar aljihu ɓawo kawai take ɓantarowa. Dutse mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe idan an buga shi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. A ɗauki kilo 1 zuwa 2 idan ƙwayoyin ƙanana ne, kilo 3 zuwa 5 idan manya ne ko akwai ganet. A sare duk ɓawon da ya yi ja tun a wurin, a guji jijiyoyin kwaz da efidot, a kuma nisanci bakin giranit ko fegmatait (dutse irin giranit mai manya-manyan ƙwayoyi) da mitoci da dama. A rubuta lamba a jikin dutsen da jikin jakar, a ɗauki wurin da GPS, a auna kwanciyar shimfiɗa da kamfas, a rubuta abin da ke sama da ƙasa da shi. Samfuri uku ko huɗu ba sa nuna tafarki. A nemi 10 zuwa 15 daga kowane rukuni, daga mafi duhu zuwa mafi haske.

Kafin niƙa, a yanki siririn yanki mai kaurin maikuron 30 a duba a madubin ƙara girma. Wanda aka ga ya cika da kalsait ko serisait a cire shi, kuɗin gwajinsa asara ne. Sauran a farfasa, a wanke, a shanya, a raba daidai, a niƙa giram 50 zuwa 100 har ya wuce rariya mai maikuron 75.

Turmin niƙa yana da nasa sharrin. Na tangistin kabaid yana zuba tangistin da kobalt, yana kuma iya ƙara tantalam da niyobiyam, wato ainihin sinadaran da za a dogara da su. Na ƙarfe yana ƙara ƙarfe da kuromiyam da nikel. Na agat ya fi tsabta, sai dai yana da jinkiri. Kowanne aka yi amfani da shi, a niƙa farin yashin kwaz a tsakanin samfuri da samfuri.

Wane gwaji ya kamata a nema?

Manyan sinadarai a auna su da XRF, na'ura mai amfani da hasken eksirai, a kan gilashin da aka narka da litiyam boret, galibi kashi 1 na gari da kashi 10 na boret, a zafin da ya ɗan wuce digiri 1,000. Jimillarsu tare da abin da aka rasa a ƙonawa ta faɗa tsakanin 99 da 101. Ƙananan sinadarai kuwa da ICP-MS, na'ura mai tantance sinadarai ta nauyinsu bayan an narkar da garin. A nan a tambayi ɗakin gwajin yadda suke narkar da garin. Ruwan asid a buɗaɗɗen kofi ba ya cinye ma'adinan zikon da kuromait, sai zikoniyam da hafniyam da kuromiyam su fito ƙasa da gaskiya, duk wani rabo da aka gina a kansu ya karkace. Narkarwa da boret ko asid a rufaffen tulu mai matsi ita ce mafita. A saka samfurin da aka san ƙimarsa, kamar BHVO-2 ko BCR-2, a kuma maimaita ɗaya cikin kowane goma da wata lamba daban.

Ƙaramar na'urar XRF ta hannu tana da amfani wajen tantance samfura a daji, amma niyobiyam mai kashi 2 ko 3 cikin miliyan ya fi ƙarfinta. Gwajin niyutiron irin wanda ake yi a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramin injin nukiliya ya fara aiki a 2004, yana ba da lantanam da samariyam da yurofiyam da itabiyam da toriyam da hafniyam da tantalam, amma ba hanyar auna niyobiyam da itiriyam ba ce.

To yaya sinadarai ke nuna wurin da dutsen ya samu?

Kowane wuri yana narkar da mantil, wato ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, ta hanyarsa.

A tudun tsakiyar teku, inda faranti biyu, wato manyan ɓangarorin da doron ƙasa ya kasu zuwa gare su, ke rabuwa, mantil ɗin da ke narkewa an riga an tatse shi a baya. Ƙimar da Sun da McDonough suka bayar a 1989 ga irin wannan basalt ita ce niyobiyam 2.33, zikoniyam 74, itiriyam 28, lantanam 2.5, itabiyam 3.05, toriyam 0.12, duk cikin miliyan. Idan aka daidaita da ƙimar kondirait, wani irin dutse da ke faɗowa daga sararin samaniya, rabon lantanam da itabiyam yana wajen 0.6.

A tsibirai irin Hawai, narkewar kaɗan ce kuma daga zurfi take, inda ganet ke riƙe itabiyam. Niyobiyam yana kai 48, zikoniyam 280, lantanam 37, itabiyam 2.16, rabon nan kuma ya haura 12.

A inda faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani, kamar jerin tsibiran Mariyana da Tonga, ruwa da narkakkiyar laka daga farantin da ya nutse suna ɗauko toriyam da lantanam su bar niyobiyam da tantalam a baya. Sai a ga rami a wurin waɗannan biyun idan aka zana jerin sinadaran. Rabon niyobiyam da lantanam (Nb/La) da ke wajen 0.9 a tsakiyar teku yakan faɗo zuwa 0.5 ko ƙasa. Kwarmin da ke buɗewa a bayan irin waɗannan tsibirai yana ba da dutse mai tsaka-tsakin hali: jikin na tsakiyar teku, da ɗan ramin niyobiyam.

Zane-zanen da aka saba da su duk a kan wannan suka tsaya: na Pearce da Cann na 1973 mai titaniyam (Ti) da Zr da Y, na Wood na 1980 mai toriyam (Th) da hafniyam (Hf) da tantalam (Ta), na Shervais na 1982 inda rabon titaniyam da banadiyam (Ti/V) ƙasa da 20 ke nuna jerin tsibirai, 20 zuwa 50 tsakiyar teku, sama da 50 dangin alkali, na Meschede na 1986, da na Pearce na 2008 mai Th/Yb da Nb/Yb, inda Yb ke nufin itabiyam.

Za a iya nuna lissafin da misali?

A ƙaddara sakamako ya dawo haka: silika 49, TiO2 1.1, oksaid ɗin magnesiyam (MgO) 7.5 cikin 100. Zr 70, Y 25, Nb 3, V 300, La 6, Th 0.9, Yb 2.5 cikin miliyan. Nb/Y ya zama 0.12, ba na alkali ba ne. Don samun titaniyam cikin miliyan a ninka 1.1 da 5,995, a samu wajen 6,600, a raba da 300, Ti/V ya zama 22, yana bakin iyakar tsakiyar teku da jerin tsibirai. Nb/La 0.5 ne. Th/Yb 0.36 ne a Nb/Yb na 1.2, alhali na tsakiyar teku Th/Yb ɗinsa wajen 0.04 ne. Toriyam ya yi yawa, niyobiyam ya gaza.

Da yawa a nan za su rubuta "kwarmin bayan jerin tsibirai" su rufe littafi. Lissafin bai kai ga haka ba. Abin da ya nuna kawai shi ne wani abu mai yawan toriyam ya shiga cikin narkakken dutsen.

Me kuma zai iya shiga in ba farantin da ya nutse ba?

Ɓawon nahiya. Matsakaicin Nb/La ɗinsa wajen 0.4 ne, toriyam ɗinsa kuma yana da yawa. Basalt ɗin da ya taso ta cikin kilomita 35 na tsohon nais, ya narkar da kashi 5 ko 10 cikin 100 na abin da ya ratsa, zai fito da ramin niyobiyam kamar na jerin tsibirai, alhali a tsakiyar nahiya mai tsagewa ya samu. Ga duwatsun Najeriya wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin nais mai shekara biliyan 2 zuwa 3.5 yana kewaye da kowane zirin shist.

Ana raba su da abubuwa kamar haka. Idan gurɓata ce daga ɓawo, ramin niyobiyam yana ƙara zurfi yayin da silika ke hawa magnesiyam ke sauka, ƙimar aisotof ɗin niyodimiyam, ma'aunin da ke bambanta sabon dutse daga mantil da tsohon ɓawo, ma tana sauka tare da su, kuma akan tsinci tsofaffin ƙwayoyin zikon da dutsen ya gada. Idan daga nutsewar faranti ne, ramin yana nan har a samfuran da suka fi magnesiyam, ƙimar niyodimiyam kuma tana zama sama da sifili ba ta bin silika. Sannan a koma daji. Amfibolait da ya yanke nais a matsayin katanga, ko yake kwance tsakanin kwazait (yashin da ya rikiɗe) mai kauri, a kan nahiya ya samu, ko me zane ya ce. Wanda ke tare da safentinait (dutse mai yawan magnesiyam da ya sha ruwa) da gabro da matasan kai da siraran shimfiɗun cat (dutsen silika da ke taruwa a gindin teku) yana da hujjar zama ɓawon teku.

Zanen shaida ne guda ɗaya a gaban alƙali, ba shi ne alƙalin ba. Rubutun da ya jera zane takwas, biyar suka ce teku uku suka ce tsibirai, marubucin ya bi masu rinjaye, bai tabbatar da komai ba, domin zane-zanen sinadarai iri ɗaya suke ta juyawa.

Zane-zanen suna aiki a kan duwatsu masu shekara biliyan 2 ko 3?

Da taka-tsantsan. An gina su ne da basalt na zamanin nan, kuma kusan duk ɓawon tekun da ke kwance a wurinsa yau bai wuce shekara miliyan 200 ba. A can baya mantil ya fi na yanzu zafi da digiri 150 zuwa 250, yana narkewa da yawa, har yana fitar da komatiyait mai MgO sama da kashi 18, irin na Barberton a Afirka ta Kudu, wanda ya malalo da zafin wajen digiri 1,600. Har yau masana ba su daidaita ba kan lokacin da nutsewar faranti irin ta yanzu ta fara, kuma duwatsun Isua na Girinlan masu shekara biliyan 3.7 zuwa 3.8 suna tsakiyar wannan muhawara. Basalt ɗin Birimiya ma haka: jerin sinadaransa a shimfiɗe yake, niyodimiyam ɗinsa na nuna sabon ɓawo daga mantil, amma wasu sun karanta shi a matsayin tudun ƙarƙashin teku, wasu jerin tsibirai.

Yaya ake sanin shekarunsa?

Sai an fara tambayar shekarun me: daskarewa ko rikiɗa. Yuraniyam da dalma a cikin zikon ko badeliyait su ne mafi aminci ga daskarewa, sai dai basalt ba ya yawan haifar da zikon. Gabro mai manyan ƙwayoyi ya fi bayarwa, kuma akan niƙa kilo 10 zuwa 20 kafin a samu abin aunawa. Dole a ɗauki hoton cikin kowace ƙwaya, domin cibiyarta na iya zama gado, tsakiyarta ta daskarewa, bakinta na rikiɗa. Taitanait yakan ba da lokacin rikiɗa. Agon a cikin honbilend yana nuna lokacin da dutsen ya huce ƙasa da digiri 500 zuwa 550, don haka a Najeriya kusan kullum shekarun Fan-Afirka zai bayar ko da dutsen ya girme su nesa. Samariyam da niyodimiyam suna jure rikiɗa, amma layin da samfuran da suka gurɓata suka bayar na iya zama layin gauraya, ba na shekaru ba. Rubidiyam da sitironshiyam kuwa, tunda dukansu masu motsi ne, su ne suka fi yaudara. Shekara wajen miliyan 1,100 da aka samu da wannan hanya a duwatsun Maru a shekarun 1970 ta daɗe a littattafai, amma yawancin masana yanzu ba sa ɗaukar ta a matsayin zamanin wani tashin duwatsu na daban.

Me aka cimma game da zirin shist na Najeriya?

Abin da ba a gardama a kai shi ne yawancin amfibolait ɗinsu daga basalt marar alkali suka fito, kuma zamanin Fan-Afirka ne ya naɗe su ya gasa su, lokacin da tsohuwar nahiyar Afirka ta Yamma ta yi karo da yankin da ke gabas da ita. Shaidar wannan karo tana yamma da mu: ekulojait a tsaunukan Lato na Togo, giranyulait a Kabye da Agu da tsaunukan Shai na Gana, da kowesait a yankin Gurma na Mali, ma'adinin da matsin cikin ƙasa ba ya samar da shi sai a zurfin kilomita 90 ko fiye, a duwatsun da suka nutse wajen shekara miliyan 620 da suka wuce.

Gardamar tana kan kwarmin da duwatsun suka taru a ciki. Olade da Elueze a 1979 sun karanta na Ilesha a matsayin abin da ya samu a kan ɓawon nahiya. Wasu sun ga ɓawon teku ko kwarmin bayan tsibirai, suna kafa hujja da dunƙulen safentinait da ke bin manyan tsagun yankin, irin na Malam Tanko da Tungan Kudaku. Wasu kuma suna ganin wasu zirin sa'o'in Birimiya ne da Fan-Afirka ya sake sarrafawa. A ganinmu babu dalilin tilasta wa dukkan zirin amsa guda. Maru mai laka da shimfiɗun tama da Anka mai tsakuwa da duwatsun aman wuta ba su yi kama da abin da ya taru a kwarmi ɗaya ba. Yawancin tsofaffin gwaje-gwajen ma an yi su ne kafin ICP-MS ya yaɗu, ba su da toriyam da tantalam masu inganci, kuma rashin tsaro a Zamfara da Birnin Gwari ya sa komawa ɗauko sabbin samfura ya yi wuya.

Ina ruwan mai neman zinariya da wannan?

Zinariyar Maru da Anka da Birnin Gwari da Ilesha, da ta Samira a Nijar da Obuasi a Gana, tana cikin jijiyoyin kwaz ne da ke bin wuraren da dutse ya tsage ya goge. Amfibolait ba shi ne ke haifar da ita kai tsaye ba, amma yana taimakawa ta hanya biyu: yana da tauri, don haka yakan tsage a bakin iyakarsa da shist mai laushi ya buɗe wa ruwan zafi hanya, kuma ƙarfen da ke cikinsa yana kama salfa daga ruwan ya zama fairait, zinariya ta zauna tare da shi. Saboda haka samfurin da mai binciken asali ke jefarwa, wanda ya koɗe ya cika da kabonet da serisait da fairait, shi ne mai neman zinariya ke so. A ware jaka biyu tun a daji, kada a haɗa su a turmi ɗaya. Inda dutse mai yawan magnesiyam ya sha ruwa kuma akan samu dutsen hoda, kamar na Kagara a jihar Neja.

Wajen niƙa a kula da ƙura. Wasu jijiyoyin Zamfara suna ɗauke da galina, ma'adinin dalma, kuma niƙa su a busasshe a cikin gidaje ne ya jawo gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010. Aktinolait da tiremolait da safentin kuma wani lokaci suna fitowa da siraran zare masu illa ga huhu. A yanka dutse da ruwa, a niƙa a rufaffen turmi nesa da wurin kwana da girki, a sa abin rufe hanci mai tace ƙura, kuma kada a shiga gida da kayan aikin.